Ranar Haihuwa Ko Ranar Sa Hannu?

Ina da abokin ɗaki da muke tsokana da suna Garmaho, saboda duk waƙar da ba ta girmi babansa ba, a wurinsa hayaniya ce kawai. Wayarsa cike take da tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, wato buluz da jaz da sol. Ranar da ya fara ce mini yana mutuwar son buluz, wallahi na ɗauka wani Bulus yake nufi a sashenmu. Yana da wani littafi mai jan bango, a ciki ya jera ranakun haihuwar mawaƙan nan wata bayan wata, kuma duk ranar da ta faɗo kan wani, tun kafin mu fita lacca zai kunna mana shi, muna so ko ba ma so. Ranar 25 ga Maris Aretha Franklin ce za ta tashe mu. Ranar 16 ga Satumba B.B. King da jitarsa. Mako ɗaya bayan haka, 23 ga wata, ba mu da sakat, domin rana ɗaya ce ta Ray Charles da John Coltrane, ɗaya 1930, ɗaya 1926.

To yanzu Garmaho ya kai abin gaba. Ya ba masu shirya wannan mujalla shawarar a ware shafi guda a kowace fitowa don mawaƙan da aka haifa a watan, sannan ya roƙi sakataren walwala na ƙungiya ya ba da zaure sau ɗaya a wata a zo a saurari waƙoƙinsu. Maganar ta jawo ka-ce-na-ce. Wasu sun ce me ya haɗa ɗalibin Poli da kiɗan mutanen wata uwa duniya, waɗanda yawancinsu sun mutu kafin a haife shi. Wasu kuma daga jin "ranar haihuwa" suka ɗaure fuska. Wannan muhawara ta malamai ce, ba zan tsoma baki ba, illa in ce babu wanda ya ce a yanka kek. Ni dai ina goyon bayan shafin, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya sa na ɗauki biro.

Abu na farko, ranakun da ke cikin jan littafin nan ba duka ne ke da tabbas ba. Ɗauki Louis Armstrong, mai busa ƙaho ɗan birnin New Orleans, wanda ko mutumin da bai san jaz ba ya taɓa jin muryarsa mai gurnani. Duk tsawon rayuwarsa cewa yake an haife shi ranar 4 ga Yuli, 1900. Rana ce mai kyan faɗi: ranar 'yancin kan Amurka, a shekara mai sifiri biyu. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971, kwana biyu bayan an taya shi murnar cika 71. Sai a shekarun 1980 wani mai bincike, Tad Jones, ya tono rajistar baftisma ta wani coci a New Orleans, ya ga an rubuta 4 ga Agusta, 1901. Ashe bawan Allah ko 70 bai cika ba.

Ban ce ƙarya ya yi ba fa. Yaro ne da ya tashi a unguwar talakawa, uba ya tafi ya bar su, yana ɗan shekara 11 aka kama shi don ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara, a can ya koyi busa da gaske. Wa zai ajiye wa irin wannan yaro takarda? Da Garmaho ya ba ni wannan labari sai na yi tsit, domin ni ma a takarduna ɗan 1 ga Janairu ne, alhali mahaifiyata ta ce da damina aka haife ni, gero ya fara fid da kai. Damina a Janairu! Wanda ya cike mini fom ɗin firamare ne ya zaɓa mini rana, ta bi ni har nan. A ajinmu mu shida ne 'yan 1 ga Janairu, kuma babu tagwaye a ciki.

Armstrong ba shi kaɗai ba ne. Muddy Waters, wanda ya ɗauki buluz daga gonakin audugar Mississippi ya kai shi Chicago ya jona masa lantarki, ya riƙa cewa 1915 aka haife shi, haka ma aka rubuta a kan kabarinsa, amma tsofaffin takardunsa na aure da na ƙungiyar makaɗa sun nuna 1913. Jihohin kudancin Amurka da dama ba su fara rajistar haihuwa ta bai-ɗaya ba sai tsakanin 1910 da 1920, kuma ko da aka fara, ba ta yi saurin isa bukkokin manoma baƙaƙe ba, inda ungozoma ce ke karɓar haihuwa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Jelly Roll Morton, mai kaɗa fiyano. Mu nan rage shekaru ake yi don kada mutum ya haura 30 ya rasa bautar ƙasa. Shi ƙari ya yi. Ya ce 1885 aka haife shi, takardar baftismarsa ta ce 1890. Dalili? Yana iƙirarin shi ya ƙirƙiri jaz a 1902, to in da 1890 ne, ai ya zama ɗan shekara 12 ne ya ƙirƙira, wa zai yarda?

Saboda haka in shafin Garmaho zai tsaya ne a kan "an haifi wane ranar kaza, ya yi waƙoƙi masu daɗi, ya rasu", to mun gina shi a kan abin da ya fi komai rauni a tarihinsu. Akwai wata ranar da ba ta taɓa ɓacewa a rayuwar kowannensu, domin ita kam an rubuta ta, an buga mata hatimi, an kulle a durowar kamfani: ranar da suka sa hannu.

Mu koma kan Muddy Waters. A gonar Stovall ya tashi, yana tuƙa tarakta. Tsarin irin waɗannan gonaki shi ne ka nome ƙasar wani, ka ci bashin iri da abinci a kantinsa, in an cire auduga ya buɗe littafi ya yi lissafi shi kaɗai, sau da yawa ya ce har yanzu ana bin ka. A 1941 Alan Lomax ya zo da na'ura ya naɗi muryarsa don ajiyewa a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, daga baya aka aiko masa da dala 20 da faifai biyu. Jin muryarsa a faifai ne ya ba shi ƙwarin gwiwa, a 1943 ya tattara ya nufi Chicago. Ya shahara har wasu samarin Ingila suka ɗauki sunan wata waƙarsa suka raɗa wa ƙungiyarsu, su ne Rolling Stones. Amma duk da haka, a shekarun 1970 sai da shi da Willie Dixon suka maka kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinsu a kotu kan kason da ba a biya su ba. Ya gudo daga littafin mai gona, ya tarar da littafin mai kamfani.

Wannan littafi na biyu ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda yake aiki, musamman mu da ake koya wa lissafin kuɗi da dokar kasuwanci. Waƙa ɗaya, dukiya biyu ce. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin murya, akwai kuma haƙƙin naɗin da aka yi a sutudiyo, wato uwar faifan da daga gare ta ake buga sauran. Mawaƙi yana iya cika duniya da murya alhali ba shi da ko ɗaya a cikin biyun. A zamanin Bessie Smith abin ma a fili yake: a biya ka kuɗin kowace waƙa sau ɗaya, shi ke nan, ko faifan ya sayu dubu ko miliyan. Ta shiga kamfanin Columbia a 1923, faifanta na farko ya sayu ɗaruruwan dubbai, ta naɗa musu waƙoƙi wajen 160, ana kiranta sarauniyar buluz. Ta rasu a haɗarin mota a 1937, kabarinta a kusa da Philadelphia ya zauna shekara 33 babu ko dutsen shaida, sai a 1970 mawaƙiya Janis Joplin da wata mata da ta taɓa yi wa Bessie aikin gida tana yarinya suka haɗa kuɗi suka saya.

Daga baya aka ce to za a riƙa ba da kaso a kan kowane faifai da aka sayar. Sai dai kafin kason ya iso hannunka, za a cire kuɗin sutudiyo, da na makaɗa, da na kwali, da duk wani abin da aka ba ka a matsayin kafin alƙalami, kuma mai cirewar shi ne mai riƙe da littafin. Ruth Brown ta yi wa kamfanin Atlantic waƙoƙin da suka ɗaga shi a shekarun 1950, har ana yi wa kamfanin kirari da gidan da Ruth ta gina. Da zamaninta ya ja baya sai ga ta tana aikatau da tuƙa motar 'yan makaranta don ta ciyar da 'ya'yanta. Da ta nemi a nuna mata lissafi, aka ce ai ita ake bi bashi. Sai a shekarun 1980, da taimakon wani lauya mai son waƙoƙinta, Howell Begle, aka sake duba littafin, kuma wannan gwagwarmaya ce ta haifar da wata gidauniyar tallafa wa tsofaffin mawaƙa a 1988. Arthur Crudup shi ya tsara ya kuma naɗi "That's All Right" a 1946, waƙar da Elvis Presley ya buɗe sana'arsa da ita a 1954. Elvis ya zama abin da ya zama, Crudup ya koma leburanci a gona, ya rasu a 1974 yana jiran kuɗinsa. Big Mama Thornton, wadda ta riga Elvis ɗin rera "Hound Dog", da bakinta ta ce dala 500 kacal ta gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk haka suka ƙare. Akwai waɗanda suka ga gemun 'yan'uwansu ya kama da wuta suka shafa wa nasu ruwa. Ray Charles ya makance tun yana ɗan shekara 7, amma a 1959, lokacin da zai bar Atlantic ya koma ABC-Paramount, ya sa sharaɗin cewa uwar faifansa shi zai mallake ta, abin da ba kasafai ake ba mawaƙi ba a lokacin, baƙi ko fari. Mutumin da ba ya ganin takarda ya fi masu ido sanin abin da ke cikinta. Aretha Franklin kuwa an san ta da cewa sai an ƙirga mata kuɗinta a hannu kafin ta hau dandamali, ta zuba a jaka, ta hau da jakar ta ajiye inda idonta zai riƙa gani. Mutane na yi mata dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Waƙar da ta fi shahara da ita, "Respect" ta 1967, Otis Redding ne ya tsara ta, kuma a dokar Amurka in gidan rediyo na gargajiya ya sa waƙa, mai tsarawa da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinsa ake biya, mai rerawa ba ya samun ko sisi. Wadda ta san haka, ta kuma ga yadda su Ruth Brown suka ƙare, ai dole ta rungumi jaka.

Sai dai in yi adalci, sanin takarda ma ba laya ba ce. Sam Cooke, wanda aka haifa ranar 22 ga Janairu, 1931, yana cikin waɗanda suka fi kowa wayewa a wannan fanni: ya kafa kamfanin faifansa, ya kafa na riƙe haƙƙin waƙoƙinsa. Aka harbe shi a Los Angeles a Disamban 1964 yana da shekara 33, kuma a ƙarshe yawancin dukiyar waƙoƙin ta koma hannun kamfanin manajansa, Allen Klein. Wannan labari na daɗe ina juya shi a raina. Bai rushe maganata ba, amma ya rage mini cika baki.

Duk cikin jan littafin nan, ranar haihuwa ɗaya ce na san ta yi aiki da kanta, ita ce 13 ga Mayu. Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950, yana ɗan shekara 11 aka sa masa hannu a kamfanin Motown. Da yake yaro ne, kuɗinsa ajiye masa ake yi, kuma kamfani ne ke da ta cewa kan abin da zai rera da yadda za a kaɗa. Ranar 13 ga Mayu, 1971 ya cika 21, ya zama baligi a idon doka, tsohuwar yarjejeniyar ta daina ɗaure shi. Bai yi gaggawar sabuntawa ba. Ya karɓi abin da aka ajiye masa, ya shiga sutudiyo da kuɗinsa ya yi ta naɗi yadda ransa ke so, sannan ya dawo teburi, ya samu 'yancin tsara aikinsa da kansa, da kamfanin riƙe haƙƙin waƙoƙinsa, da kaso mafi tsoka. Abin da ya biyo baya duk mai sauraron sol ya sani: tsakanin 1972 da 1976 ya fitar da jerin kundayen da har yau ake auna wasu da su, uku daga ciki suka ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Baiwar tana nan tun yana yaro, takardar ce ta canza. Kai, ko waƙarsa ta murnar ranar haihuwa da ake sawa a wuraren shagali, a 1980 ya yi ta ne don matsa wa gwamnati ta mayar da ranar haihuwar Martin Luther King ranar hutu ta ƙasa, kuma a 1983 aka sa wa dokar hannu.

Masu cewa me ya haɗa mu da su, zan iya amsa musu da tarihi: Armstrong ya zo Najeriya a 1960, akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna, James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, Stevie Wonder ya halarci FESTAC a 1977. Amma ba wannan ce amsata ta gaskiya ba. Amsata tana nan cikin makarantar nan. Bara wani ƙaninmu a sashen lantarki, mai murya kamar me, ya tsara waƙa ya kai wani sutudiyo a cikin gari. Ba shi da kuɗin naɗi, mai wurin ya ce haba, ai kai ƙanina ne, shiga kawai. Babu abin da aka rubuta. Bayan wata biyu waƙar ta fito a shafin sutudiyon na YouTube, ana ta kallo, ana sa ta a gidajen biki, sunansa yana can ƙasa da ƙananan haruffa. Da ya je neman bayani aka lissafa masa kuɗin sutudiyo, da na mai kiɗa, da na man janareta, aka ce in an cire waɗannan, shi ne ma zai ciko. Ranar da ya ba mu labari a bakin shagon mai shayi, ni Ruth Brown na tuna. Bai taɓa jin sunanta ba, ga shi an karanta masa shafi ɗaya da wanda aka karanta mata tun kafin a haifi iyayensa. Kuma ba mawaƙa kaɗai ba. Mai zana tambari, da mai rubuta manhaja, da mai ɗinkin da ya fito da sabon yayi, da wanda aikinsa na kammala karatu ya yi kyau har wani ya ce kawo in kai maka gaba, duk layi ɗaya muke.

To ga sharaɗina. A buɗe shafin, a sa hoton mawaƙi da ranar haihuwarsa, in ranar tana da gardama a faɗi haka, domin gardamar ma labari ce. Amma a ƙasan kowane suna a amsa tambayoyi uku: wa ya tsara waƙoƙin, wa ya mallaki naɗin, me ya shiga aljihun mai muryar. A zaman sauraro na wata-wata kuma, bayan an ji kiɗa, a ba wani malami mai koyar da dokar kasuwanci ko ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen akanta minti goma sha biyar ya ɗauko yarjejeniya ɗaya ya warware ta da Hausa. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo daga asusun ƙungiya, wanda dama kullum ake ce mana babu komai a ciki.

Da na karanta wa Garmaho wannan rubutu kafin in miƙa, sai ya kama kai. "Kai dai, mutumina, ko gaisuwar mutuwa ka je sai ka nemi rasit," in ji shi. "Mutane sun zuba ransu a waƙa, kai ka mayar da su darasin lissafi." Ya ɗauko waya ya kunna "West End Blues" ta 1928, ya ce in rufe baki in saurari 'yan daƙiƙoƙin farko, inda Armstrong ke busa shi kaɗai, ƙahon ya gangaro ya sake hawa sama kamar ba numfashin mutum ke tura shi ba. Na saurara, kuma na yarda yana da gaskiya a nan: wanda bai ji wannan ba, ba zai damu da wa aka cuta ba. Sai ka so abu kafin satarsa ta yi maka ciwo. Shi ya sa na ce kiɗa ya fara, takarda ta biyo baya, ban ce a juya ba.

Mun rabu a kan zai ƙara layi uku a ƙasan kowane suna, ni kuma zan nemo mai warware yarjejeniyar. Da ya buɗe jan littafin zai fara gyara, ya tambaye ni wace rana zai sa ni, tunda na ce 1 ga Janairu ba tawa ba ce. Na ce ya rubuta damina. Ya yi ɗan tunani, ya buɗe shafin Agusta, ya rubuta sunana da fensir a ƙasan na Armstrong.